Gyara

Ƙarfe biyun dare a Idi-Araba,
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Janareto ya yi tari sau biyu, ya miƙe.
Sista Ronke ta leƙo: Likita, taso,
Lantana ce, tun la'asar take naƙuda,
ta cije zane har zanen ya gaji.

Mai tattasai ce a kasuwar Agege,
yatsunta har yanzu da yajin attaruhu.
Na ce: zauna, ba ni baya,
rungumi matashin nan, sunkuya,
ki gantsaro min shi kamar kyanwa ta ga kare.

Littafi ya ce biyar ne.
Gaɓoɓi biyar a tsatson ɗan Adam,
sai ƙashin kwankwaso, dunƙule guda.
Ya ce dafa ƙugu dama da hagu,
ja layi a tsakani, nan ce ta huɗu,
laka ta ƙare can sama, ba ka taɓa ta.
Na haddace, na ci jarrabawa da shi.

Sai dai littafi bai taɓa hawa danfo ba.
Bai san kwandasta kan kira zango
wanda babu shi a taswirar kowa.

Babban yatsana ya bi hanya,
tudu, kwari, tudu, kwari,
ya isa inda ya saba sauka,
sai ya ji unguwar ba ita ba ce.
Na sake lissafi. Na sake.
Gumi ya tsatso min ƙarƙashin hula.

Yayarta Kande ce ta kwance leda:
ga wani hoto, tun faɗuwarta a acaba,
a Igbobi aka ɗauka, bara waccan.
Na ɗaga shi saitin fitila.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar,
ga ta shida zaune abinta,
ba ta nemi izinin marubucin littafi ba.

Na tuna telan nan ta Mushin
da bayanta ya karkace kamar lauje,
sai da na bi da allura ta gefe.
Da dattijon da tasa ta ƙarshe
ta manne da kwankwaso, ƙofar ta toshe,
huɗu gare shi, ya kuma yi shekara saba'in
yana dakon buhu, bai san da giɓi ba.

Na gyara lissafi, na sa alama da farce.
Bismillah. Fata ta buɗe.
Sai tauri, kamar mai soka ganda,
ina turawa kaɗan, ina sauraro da yatsa,
kaɗan, kaɗan,
sai sakayau,
kamar an zare sakata daga ciki.

Nan ne. Ɗan fili ne ƙanƙane,
ko ratar motoci a cunkoson Oshodi ta fi shi.
Ka zarce da kaurin zare,
ruwa garai ya ɗigo,
ka bar mace da ciwon kai na mako.
Ban zarce ba. Na zura siririn tiyo,
na ba maganin hanya.

Minti goma sha biyar, kafaɗunta suka sauka.
Ta saki zanen. Ta nemi ruwa.
Ta ce: me kuke ta kallo a hotona?
Na ce: ƙashi guda ne ya ƙaru miki.
Ciwo ne?
Na ce a'a, halitta ce.

Ta yi shiru, sai ta yi dariya,
ta farko tun la'asar:
Shekara tara ina yi wa mutane gyara,
ashe ni ma an yi min tun a ciki.

Da asuba yarinya ta iso da kuka.
Ronke ta kifa ta a tafin hannu tana gogewa,
ɗan bayan nan jiƙe, kamar zaren carbi.
Yatsana ya motsa zai fara ƙirge.
Na mayar da shi aljihu.